Me ya sa notin gindin inji yake yawan karyewa, kuma yaya za ka hana?

Idan ka bi hanyar Gwarzo zuwa Dayi a watan Oktoba ko Nuwamba, ko ka gangara ta Malumfashi zuwa Funtua, ba sai an gaya maka kaka ta yi ba. Ƙarar injin casar masara za ka riƙa ji daga wannan gona zuwa waccan, ga ƙura ta turnuƙe, ga buhuna an jera. Galibin injinan nan fasalinsu ɗaya ne: injin gas mai fistin ɗaya, an ɗora shi a kan firam na ƙarfe ko na katako, an ɗaure ƙafafunsa da noti huɗu, sannan bel ya haɗa shi da abin da yake juyawa. Haka injin niƙa yake a cikin gari, haka injin ban-ruwa yake a fadama lokacin noman rani.

Notin nan huɗu su ne zancenmu na yau. A kakar da ta wuce na tsaya wajen wani mai injin casa a wata gona kusa da Dayi. Ana tsakiyar aiki inji ya kama rawa, bel ya faɗo. Da aka duba, noti biyu sun guntule. Leburori suka koma gindin bishiya, mai gona yana ta duban rana, aka tura yaro a babur ya nemo mai walda. Mai injin ya ce mini karo na uku kenan a kakar, kuma shi a ganinsa ƙarfen zamani ne ba shi da aminci.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin ana sayar da noti marasa kyau. Amma mafi yawan notin da ke karyewa a gindin inji, sassauci suke fara yi, daga nan girgiza ta ci su a hankali har su rabu biyu. Idan ka fahimci yadda hakan ke faruwa, za ka san abin da za ka yi kafin ya karye, da abin da za ka yi idan ya riga ya karye.

Wata ƙaramar sanarwa kafin mu shiga. A gareji, noti ake ce wa duka biyun. Don kada mu ruɗe, a rubutun nan "noti" shi ne dogon, mai kai da tiredi a jikinsa, "macen noti" kuma ita ce wadda ake murɗawa a kansa.

Ƙarfe ma yana gajiya

Ɗauki guntun waya ka ja shi da iya ƙarfinka. Ba zai tsinke ba. To yanzu lanƙwasa shi gaba, ka mayar baya, ka yi ta maimaitawa. Kafin ka ƙirga talatin ya rabu biyu. Ƙarfin da ka sa a kowace lanƙwasa bai kai wanda ka sa wajen ja ba, maimaicin ne ya karya shi. Masana kimiyyar ƙarfe suna kiran wannan gajiyar ƙarfe.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, wata 'yar tsaga wadda ido ba ya gani takan fara a wurin da ƙarfe yake da kusurwa ko ƙarzuwa. Duk lokacin da aka ja aka saki, tsagar ta ƙara shiga ciki kaɗan. Ƙarfen da ya rage lafiya yana ta raguwa, har ranar da ba zai iya ɗaukar nauyin da ya saba ɗauka ba, sai ya ɓalle lokaci guda. A jikin noti kuwa, kowane kwarin tiredi kusurwa ce mai kaifi. Shi ya sa akasari yake karyewa daidai tiredin farko da ya shiga cikin macen noti, wanda shi kaɗai yake ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin, ko kuma a ƙarƙashin kai.

Da jini aka koyi wannan darasi. Ranar 8 ga Mayu 1842, wani jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zuwa Paris a Faransa ya yi hatsari bayan sandar da ke riƙe da ƙafafun kan jirgin ta karye, mutum fiye da hamsin suka mutu. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru daga wajejen 1850 zuwa 1870 yana juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi yana ƙirga juyi nawa suke yi kafin su karye. Ya gano abu biyu da har yau ake aiki da su. Na farko, abin da ke kashe ƙarfe shi ne tazarar da ke tsakanin ja da saki, wato yawan hawa da saukar nauyin. Na biyu, idan tazarar nan ta yi ƙanƙanta sosai, baƙin ƙarfe yana iya jure miliyoyin juyi bai karye ba.

Miliyoyi za su yi maka kama da abu mai nisa, to bari mu yi lissafi. Injin gas mai fistin ɗaya irin na casa yana juyi wajen 2,000 a minti ɗaya. A awa ɗaya 120,000 kenan. A aikin awa takwas, 960,000. Wato a yini ɗaya na kaka, notin gindin injinka ya sha girgiza kusan sau miliyan ɗaya. Ƙaramin injin fetur na ban-ruwa da ke kaiwa juyi 3,600 a minti ya fi haka ma. Idan kowace girgiza tana ƙara tsaga ko da ɗan mitsitsi, sati ɗaya ya isa.

Matsalar ba ta Dayi kaɗai ba ce. A Kanada da arewacin Amurka akwai baburan da ke gudu a kan dusar ƙanƙara, irin Ski-Doo da kamfanin Bombardier ya fara sayarwa a 1959. Masu su ma suna fama da karyewar notin gindin inji, kuma dalilin ɗaya ne da namu: inji mai girgiza, ga bel yana jan sa ta gefe ɗaya.

Noti sifirin ne

Ga wurin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan ka ɗaure noti da sifana, miƙa shi kake yi, kamar yadda ake miƙa robar danƙo. Shi kuma yana ƙoƙarin komawa yadda yake, sai ya matse ƙafar inji da firam ya haɗa su gam. Wannan matsin shi ne ainihin aikin noti.

Matsin ba ƙarami ba ne. Noti mai kaurin milimita 10 mai lamba 8.8 a kansa, idan an ɗaure shi yadda ya kamata, yana matse abin da ya riƙe da ƙarfin da ya kai wajen tan biyu da rabi. Ka ƙaddara buhun masara 25 masu kilo ɗari-ɗari an jibge su a kan ƙafa ɗaya ta inji. Muddin matsin nan yana nan, ƙafar ba za ta motsa daga firam ba, kuma girgizar inji ƙarafan da aka matse ne suke shanye mafi yawanta. Abin da ke isa ga notin kansa, a haɗin ƙarfe da ƙarfe, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ka tuna abin da Wöhler ya gano: ƙaramar tazara, tsawon rai.

Da zarar matsin ya tafi, labari ya canza. Ƙafar inji za ta riƙa ɗagawa tana bugawa, tana zamewa gefe da gefe, kuma duk bugun a kan noti zai sauka, har da lanƙwasa shi kamar wayar nan ta ɗazu. Ka ga abin mamaki kenan: notin da aka ɗaure tam, wanda yake ɗauke da tan biyu da rabi dare da rana, ya fi wanda ke lako-lako daɗewa nesa ba kusa ba.

To nawa ne miƙewar da ke haifar da wannan matsi? Idan kaurin abin da notin ya riƙe milimita 25 ne, miƙewar ba ta wuce wajen milimita 0.05 ba. Kaurin silin gashin kai ɗaya kenan. Ma'ana, idan wani abu a ƙarƙashin noti ya lotsa da kaurin gashi ɗaya, kusan duk matsin ya tafi, alhali macen notin ko juyawa ba ta yi ba. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Me ke sassauta shi?

Abu na farko shi ne lotsawa. Fenti mai kauri, tsatsa, ƙasa, ɓurɓushin walda, ko washa mai laushi, duk suna murƙushewa a awannin farko na aiki. Firam da yawa ana fente su ne a ɗora inji a kai, fentin nan kaɗai ya isa.

Na biyu, katako. Katakon da aka saya da damina yana ɗauke da laima. Idan hunturu ya shigo iska ta bushe, sai ya tsuke, kuma tsukewarsa ta ninka kaurin gashi sau da yawa. Lokacin kuwa shi ne daidai lokacin da injin casa ya fi aiki.

Na uku, roba. Mutane kan yanka tsohuwar taya su sa tsakanin ƙafar inji da firam don rage girgiza, noti ya ratsa ta ciki. Niyyar mai kyau ce, amma roba tana ci gaba da lotsawa a ƙarƙashin matsi, musamman idan ga zafi ga baƙin mai. Noti ba zai taɓa riƙe matsinsa a kanta ba.

Na huɗu, zamewa gefe. A 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna da gwaji cewa girgizar da ke tura ƙarafa gefe da gefe ta fi saurin kwance macen noti a kan wadda ke ja sama da ƙasa. Da zarar ƙarafan sun ɗan zame, gogayyar da ke riƙe da tiredi ta ɓace na ɗan lokaci, macen ta juya kaɗan. Bel da aka ja da yawa, ko fuli biyu da ba su daidaita ba, irin wannan turin suke yi.

Na biyar, ƙafar da ba ta zauna ba. Idan firam ya karkace wajen walda, ƙafa uku za su zauna, ta huɗu tana lilo. Idan ka tilasta mata da sifana, noti da ƙafar duka sun shiga aiki a lanƙwashe.

Na shida, rashin daidaiton abin da ke juyawa. A ce haƙori ɗaya ya karye a gangar injin casa, ko an yi walda a gefe ɗaya, har gefen ya fi ɗaya nauyi da giram 100 a nisan santimita 20 daga tsakiya. A juyi 1,000 a minti, giram ɗarin nan suna fizga da ƙarfin kusan kilo 22. A juyi 2,000, kusan kilo 90. Idan gudu ya ninka biyu, fizgar ninkawa huɗu take yi. Boris da ya cinye shi ma haka yake ƙara girgiza.

Kada ka yar da guntun

Idan noti ya karye, goge bakin karayar ka dube shi a rana. Zai gaya maka abin da ya faru.

Idan ka ga wani ɓangare mai santsi, ya ɗan yi duhu ko tsatsa, da layuka masu lanƙwasa kamar sawun da ruwa ke bari a yashin bakin rafi, sannan wani ɓangare mai kaushi yana ƙyalli, to gajiya ce. Mai santsin shi ne inda tsaga ta daɗe tana tafiya, mai kaushin shi ne abin da ya ɓalle yau. Idan mai santsin ya cinye mafi yawan fuskar, notin yana da ƙarfi isasshe, tunda ɗan abin da ya rage ya ci gaba da riƙe inji. Laifin na sassauci ne.

Idan kuwa ka ga notin ya sirance kusa da karayar, tiredinsa sun buɗe, ko ya murɗe, an ɗaure shi fiye da ƙima ne, ko kuma ƙarfensa mai laushi ne.

Duba wurin da ya fito ma. Jan gari kamar barkono a kewayen ƙafar inji, rami da ya zama kamar ƙwai, ko wuri mai sheƙi a ƙarƙashin washa, duk shaida ce cewa ƙarafan sun daɗe suna gogar juna.

Riga-kafi

Fara da lambar da ke kan noti. A kasuwa da lambar sifana ake kiran noti, a ce mai 13, mai 17, mai 19. Wannan girman kai kawai yake nunawa. Ƙarfi kuwa a saman kai ake buga shi: 4.6, 8.8, 10.9. Lambar farko idan ka ninka ta da ɗari ita ce ƙarfin da ƙarfen ke tsinkewa, wato 8 na nufin Newton 800, kusan kilo 80, a kan kowace murabba'in milimita. Ta biyun tana nuna inda zai fara miƙewar da ba ya dawowa, wato kashi 80 cikin ɗari na wancan. Mai 4.6 ko rabin matsin mai 8.8 ba zai iya riƙewa ba. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan, ɗauke shi a matsayin mai laushi. Ga gindin inji, 8.8 ya dace, tare da mace mai lamba 8.

Kada ka ce to bari in sayi 12.9 in huta. Ya fi tauri, amma ya fi saurin ɓallewa idan ya samu tsaga ko tsatsa, kuma idan ya sassauta shi ma karyewa zai yi. Haka tsofaffin notin da ake cirowa daga mota ko tarakta, irin waɗanda za ka samu a Ƙofar Ruwa a Kano: wasu ƙarfensu mai kyau ne ƙwarai, amma ba ka san miliyan nawa suka riga suka sha ba, kuma ido ba ya ganin tsagar farko. A wurin da girgiza take, sabo ya fi.

Sai wurin zama. Kankare fenti da tsatsa daga inda ƙafar inji za ta zauna da inda washa za ta zauna, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ɗora injin ba tare da ɗaurewa ba, ka gwada zura takarda a ƙarƙashin kowace ƙafa. Inda ta shige, cike gurbin da siririn falle na ƙarfe, ba kwali ko roba ba.

Washa ta zama mai kauri da tauri, musamman a kan dogon ramin nan da ake zamar da inji don jan bel. Siririyar washa lotsawa take yi cikin ramin. Ita kuma washa mai tsaga, wadda ake ce wa sifirin washa, kada ka dogara da ita. Littafin ƙa'idojin noti da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1990 ya bayyana cewa da zarar an ɗaure noti sosai ta baje, ba ta da bambanci da washa ta yau da kullum wajen hana kwancewa.

Abin da ya fi ta aiki: mace mai roba a bakinta, in dai wurin ba ya zafi sosai, kuma ba a yi ta maimaita amfani da ita ba, ko mace biyu da aka ɗaure su suna cizon juna da sifana biyu, ko gam ɗin tiredi irin su Loctite, wanda yake daskarewa idan ya shiga tsakanin ƙarafa inda babu iska. Shuɗin yana kwantuwa da sifana. Jan sai an gasa shi zuwa wajen digiri 250 kafin ya saki, don haka shuɗin ya fi dacewa da injin da ake yawan zamarwa. Sai an wanke mai daga tiredin kafin ya kama.

Idan akwai wuri, sa noti mai tsawo tare da guntun bututun ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin kansa. Noti mai riƙe da milimita 75 yana miƙewa ninki uku na mai riƙe da 25, saboda haka lotsawar da za ta kashe matsin gajeren gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin uku kawai za ta rage wa dogon. Wannan dabara ce mai arha da ba a cika amfani da ita ba.

Idan kana son roba, sa ta tsakanin firam da ƙasa. In kuwa dole sai a ƙafar inji, a zura guntun bututun ƙarfe cikin robar yadda noti zai matse bututun, robar kuma ta yi aikinta a gefe. Haka ake ƙera mazaunin injin mota. Idan firam ɗinka katako ne, sa faffadar washa ko fallen ƙarfe a ƙasa, kuma ka san cewa sake ɗaurewa ya zama aikinka na kullum har katakon ya gama bushewa.

Yanzu ɗaurin kansa. Ga mai lamba 8.8 busasshe, abin da aka saba shi ne kusan Newton-mita 25 ga mai kaurin milimita 8, 50 ga mai 10, 85 ga mai 12. Idan injinka yana da littafi, bi abin da ya ce, musamman idan tiredin a cikin alminiyam yake. In ba ka da sifana mai ma'auni, ga kwatance: Newton-mita 50 daidai yake da ka rataya kilo 20 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25. Ka ga kenan wanda ya zura dogon bututu a sifana ya hau kai da ƙafa ya wuce gona da iri. Ka kuma sani kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da ka sa gogayya ce ke cinye shi. Idan ka shafa giris a tiredi gogayyar ta ragu, sai ƙarfi iri ɗaya ya miƙa notin fiye da yadda kake zato, don haka a rage hannu.

Ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Daidaita fuli biyun da zare ko miƙaƙƙen ƙarfe. Kada bel ya yi tauri kamar tsirkiya: idan ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya kamata ya ɗan lotsa, wajen santimita ɗaya da rabi idan tazarar fuli biyun mita ɗaya ce. Bayan awa ɗaya ko biyu na aikin farko, kashe inji ka sake bin su da sifana, haka ma a ƙarshen yinin. Daga nan ja layin fenti daga macen noti zuwa firam. Kowace safiya kallo ɗaya zai nuna maka ko ta juya.

Idan ya riga ya karye

Kashe inji nan take. Kada ka ce bari a ƙarasa buhu goman da suka rage da noti uku. Nauyin wanda ya karye ya koma kan sauran, kuma abin da ke biyo baya shi ne tsagewar ƙafar inji, ko bel ya tsinke ya doki wanda ke zuba masara. Noti kuɗinsa kaɗan ne, ƙafar inji da idon mutum kuwa ba haka ba.

Idan notin ratsawa ya yi ya fita ta ƙasa, da sauƙi: buge guntun ya fita. Wahalar tana wajen wanda ya karye a cikin rami mai tiredi. Bi matakan nan daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Zuba man kwance tsatsa, ko man gas, ka ba shi lokaci. Notin da gajiya ta karya ba shi da sauran matsi, saboda haka sau da yawa idan ka sa ƙarfe mai tsini a gefen guntun ka riƙa bugawa a hankali ta hannun kwancewa, zai juyo. Idan guntun ya ɗan leƙo waje, kama shi da filaya mai kullewa, ko a yanka masa tsaga a sa sukundireba.

Idan ya ƙi, mai walda ya ɗora washa a kan guntun ya like su ta tsakiya, sannan ya like macen noti a kan washar. Zafin yana fasa tsatsa, macen kuma ta ba ka wurin kama sifana. Bari ya ɗan huce, sannan ka riƙa motsa shi gaba da baya. Kafin a kunna walda a cire tankin mai ko a nisanta shi, a share ƙaiƙayi da totuwar masara daga wurin, a cire waya daga batir idan akwai.

Idan ya karye can ciki, sai huda. A buga alama a tsakiyarsa daidai, a fara da siririn bakin huda, a tafi a miƙe. Akwai bakin huda mai juyin hagu wanda sau da yawa yakan kwanto guntun yana cikin huda. Ga noti mai milimita 10 mai tiredin da aka saba, kada a wuce bakin 8.5, in ba haka ba za a cinye tiredin ramin. Ga mai 8, kada a wuce 6.8. Akwai kuma ɗan ƙarfen nan mai murɗin hagu da ake dunƙulawa cikin hudar don ciro guntu. Yi hattara da shi: yana da tauri ƙwarai amma yana ɓallewa, kuma idan ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa.

Idan tiredin ramin ya lalace, akwai hanya uku: a sa masa sabon tiredi na waya irin Helicoil, a faɗaɗa ramin a yanka tiredin da ya fi girma idan akwai isasshen ƙarfe a kewaye, ko a huda ya fita a sa noti mai ratsawa da mace. Ka tabbata notin ya shiga aƙalla tsawon kaurinsa a baƙin ƙarfe, ɗaya da rabi a ƙarfen zubi, ninki biyu a alminiyam. Kada kuma ya yi tsawon da zai tokare ƙasan ramin, domin za ka ji ya ɗauru alhali bai matse komai ba.

Canza dukkan huɗun, ba wanda ya karye kaɗai ba. Girgizar da ta kashe shi su ma sun sha ta.

Abu biyu ne ba a yi. Kada a haɗa notin da ya karye da walda a mayar: ƙarfin mai 8.8 daga gashi da sanyayawa na musamman aka samo shi a masana'anta, wutar walda tana rusa shi. Kada kuma a like ƙafar inji da firam don a huta. Ƙafar galibi ƙarfen zubi ce, wadda ke tsagewa idan aka yi mata walda da sandar yau da kullum, ga shi kuma ka rufe hanyar jan bel.

Mai injin nan na Dayi, da muka ɗaga injinsa, mun tarar da yankakkiyar taya a ƙarƙashin ƙafafun, ta baje ta jiƙe da baƙin mai, ramuka biyu kuma sun zama kamar ƙwai. Duk noti ukun da ya canza a baya, a kan robar nan ya ɗaure su. Da ya sayo mafi tsada a Funtua ko Kano, da shi ma haka zai ƙare.

Saboda haka idan naka ya karye, kafin ka tambayi inda ake sayar da mai ƙarfi, tambayi abin da ya sassauta wannan. Gobe da safe kuma, kafin ka ɗauki hannun tayar da inji, bi notin nan huɗu da sifana. Aikin minti biyu ne.